Ba Kowace Madara Ce Ta Jariri Ba

Assalamu alaikum, mai gabatar da shiri, Allah ya ƙara basira. Ni ce Maman Ladi daga Bukan Sidi, nan Lafiya. Don Allah a karanta wasiƙata yadda take, kada a rage komai.

'Yata Ladi ta haifi ɗa namiji, sai ciwon nono ya kama ta, ruwan ya ƙafe. Likita ya ce a ba yaron madarar jarirai ta gwangwani. Mijinta ya je kasuwa ya ji tsada, sai wani mai shago ya ce masa, "Oga, madara ai madara ce." Ya auna masa ta shayi a leda.

Yaro ya fara zawo, idanunsa suka faɗa. Ranar da na je duba su na ɗanɗana abin da ke cikin fidar, wato kwalbar da ake ba yaron madara, na ce, "Ladi, wannan ai ta shayi ce!" Muka garzaya asibiti, amma Allah ya karɓi abinsa.

Masu shago, ku ji tsoron Allah, abin da ba ku sani ba ku yi shiru. Iyaye maza, in hannu bai kai ba, ku koma ku faɗa wa likita gaskiya. Cikin jariri ba wurin gwaji ba ne.

Har yau kowace safiya Ladi sai ta wanke fidar nan ta kife. Masu sauraro, ku ba ni shawara: in ɗauke in ɓoye, ko in bar mata?