Sawun Takalmi a Jikin Inji

"Baba, alminiyam ne fa. Bari a goge injin ya zama madubi."

Ina jiran tukunyata a shagon goge ƙarfe da ke garin Monopoli, ma'aikaciyar shagon ta tasa wani tsoho mai babur gaba.

"Wanki kawai, 'yar nan. Kin ga inda ke ƙyalli? Takalmin Immacolata ne ya goge shi. A karkace take zama bayana, iska na kaɗa gashinta, har bakin teku. Nan kaɗai nake so ya haska."

"Allah ya jiƙan matarka."

"Matata? Lafiyarta ƙalau. Ba ta taɓa hawa babur ba."

Ni kuwa tun ɗazu na ga matar tasa tsaye bayansa da kofin gahawarsa. Ta ajiye a hankali, ta fita, ta buga ƙofa.