Maya, Ba Mayya Ba

A tashar bas ta Stratford Road, Rebecca ta ji dattijon da ke gefenta ya gama waya da Hausa. A cinyarsa akwai sassaƙen katako mai fuskar damisa.

"Sannu, Baba. Wannan fa?"

"Matata ce ta sassaƙa shi. Zanen mutanen Maya ne."

Rebecca ta ɗan ja jikinta. "Mayya?"

"Maya, 'yata. Wata al'umma ce can Mexico, tun zamanin da. A community centre, cibiyar jama'ar unguwa, matar tawa ta koya, kafin council, hukumar gari, su rufe wurin, wai babu kuɗi. Sai ta dawo gida da aikin sassaƙar. Ranar da matan zumuntar coci suka zo, suka tambaye ta, ta amsa yadda na amsa miki."

"Suka ji mayya."

"Shi ke nan. Ba wadda ta ƙara cin abincinta, ba wadda ta ƙara miƙa mata jariri."

"Amma ai an ce har hira take yi da gumakan..." Rebecca ta kama bakinta.

"An ce? Ashe kin san Celestina."

"Ban taɓa ganinta ba, Baba. A Manchester nake, a wajen biki na ji."

"Har Manchester!" Ya girgiza kai. "Ita kuwa har ta rasu ba ta taka garin ba."

Rebecca ta sunkuyar da kai. "Baba, in taɓa?"

Ya miƙa mata. "Taɓa mana. Hannun da kuke gudu ai yana ƙarƙashin ƙasa."