Batirin Ne Ya Lalace

A bencin shagon mai gyaran sola, wani tela da jira ya ishe shi ya dubi dattijuwar da ke gefensa, ga batir a gabanta.

"Mama, ke ma batir ne?"

"Shi ne, ɗana. Tunda sanyi ya shigo, kafin mu gama cin abincin dare wuta ta ɗauke. Firij ya tsaya, ga maganin jikana a ciki. Kullum na kawo, mai gyara ya auna ya ce wai lafiyarsa ƙalau. Ƙarya yake yi!"

"Farantan sola ɗin suna samun rana kuwa?"

"Suna kan rufi, me zai hana su?"

"Ai lokacin sanyi rana ba ta hawa tsakiya, ta gefe take bi. Babu gini ko bishiya kusa?"

"Sai dai mangwaron tsakar gida."

Tela ya dafe kai. "Haba Mama! Inuwarsa ce ke cinye miki wuta, kina ta jigilar wannan uban nauyi a banza! Ki sa a sare rassan sama, shi ke nan."

"Haka mai gyara ya ce. Haka 'ya'yana suka ce. Kowa bakinsa a sare, a sare!"

"To me ya hana?"

"Kai ka dasa shi?"

"A'a, amma..."

"Babansu ne ya dasa. Bishiyar na fara fure Allah ya yi masa rasuwa, ko ɗaya bai ɗanɗana ba." Ta jawo batirin kusa da ƙafarta, ta juya wa tela ƙeya. "Na ce maka batirin ne ya lalace."