Wutsiyar Kifin Anti Rahila

Mai gabatarwa, barka da aiki, ina gaida duk masu saurare. Sunana Bitrus, ban daɗe da zuwa Aliero daga Zuru ba, wajen Anti Rahila nake zaune.

Anti tana da jan kifi ɗaya cikin akwatin gilashi, wutsiyarsa kamar mayafi. Da za ta yi tafiya ta ce in kula da shi. Na ga shi kaɗai yake ta zagaye, ni ma na san zafin rashin aboki. Sai na samo masa 'yar tarwada wajen masunta a Jega.

Kullum tana bin bayansa, ina murna sun shaƙu. Sai wutsiyar ta fara yagewa, gefenta ya yi fari. Na kira maƙwabcinmu Baba Ɗanjumma mai albasa, ya leƙa ya ce, "Ɗana, wagga abokiya ita ka cin bindinai!" Wato ita ke cin wutsiyarsa.

Yanzu tarwada tana bokiti, na canza wa jan kifin ruwa. Don Allah jama'a, wutsiyar kifi tana sake tsirowa? Me zan sa masa? Anti ta kusa dawowa. Kifin kuwa in ya gan ni, har yanzu jikin gilashi yake matsowa, ko fushi bai yi ba.