Azarar Masallacinmu da Duwatsun Borobudur

Shugaban taro, mai girma Dagaci, Allah ya ja zamaninka. Liman Malam Hambali, Allah gafarta malam. Dattawan gari, manoman rani, jama'a maza da mata, assalamu alaikum. Na gode da kuka bar ban-ruwa kuka zo.

Ni Dalhatu, a aji uku na bar sakandare, da fangalin albasa na fara, ba wanda ya ɗaga ni. Injin ban-ruwa da gumina na saya, injin casa da gumina na kafa, Indonesiya ma da na je ganin noman shinkafa a 1984, guzurina ne.

A can aka kai ni Borobudur, gini na dutse hawa-hawa kamar tsauni, wanda mabiya addinin Buda suka yi sama da shekara dubu da suka wuce. Masu ziyararsu kan kewaye shi hawa bayan hawa, suna duban tarihin malaminsu a sassaƙe jikin bango, har ƙololuwa. Aka watsar da shi, daji ya binne shi. Da aka tono shi, ruwa ya shiga cin gindinsa. Sai aka kwance duwatsun, aka sa wa kowanne lamba, aka yi magudana a ƙasa, aka mayar da kowane dutse mazauninsa.

To, kun san bara ruwan kanal ya jiƙe gindin masallacin kakanninmu, bango ya tsage, aka ce a rushe. Da na kawo wannan dabara, Sammani magini ya ce, "Alhaji, ka je kallon gumaka, ka dawo za ka koya mana gini?" Na ce, "Sammani, gumakan na bar musu, magudanar na ɗauko." Dagaci ya ce in masallacin ya faɗi, a wuyana. Muka sauke azara ɗaya-ɗaya, na sa mata lamba da fenti, muka haƙa magudana, muka mayar. Duk hadarin da ya haɗo bana, sai na zo na duba bangon. Damina ta zo ta wuce, ga masallaci a tsaye. Alhamdu lillahi, yau na samu numfashi!

Allah ya albarkaci gonakinmu, ya jiƙan kakanninmu, ya mai da kowa gida lafiya.

Saura magana ɗaya. Na tambayi sunayen waɗanda suka sassaƙa duwatsun can, aka ce sun ɓace. Ni ban yarda nawa ya ɓace ba. A rubuta sunana jikin bangon nan, kuma Sammani, da hannunka za ka rubuta. Na gode.