Hulunan Mutanen Karare

Ina zaune a tashar Safana, 'ya'yan nan, muna jiran a-kori-kura ta cika, sai na ji wani dattijo ya ja wani magidanci da hira, bai ko san shi ba.

"Ran Juma'a mu mutanen Karare muna da dara da mutanen Babban Duhu," in ji dattijon. "Garin da aka cinye shi zai nome wa ɗayan gyaɗa. Bana wa ke iya ɗaukar 'yan ƙwadago?"

"To Baba, wa ke buga maku?"

"Nafi'u ke zama, amma Karare duka ke bugawa! Shawara muka yanke. In ya kai hannu kan tsinke, wanda ya yarda ya turo hula goshi, wanda bai yarda ba ya maida ta ƙeya. Sai ya ƙirga, ya bi masu yawa."

"Marar hula fa?"

"Ba ya da baki! Maƙwabcina Bulus har aron hula ya yi."

Magidancin ya riƙe ciki don dariya. "Su ko ba su gane ba?"

"Waɗannan? Cewa suke zafi ke damunmu! Kai ɗan ina ne, ɗana?"

"Babban Duhu, Baba. Mu talatin za mu sa huluna mu zauna cikinku. Ku fara wasa fartanya."