Simintin Ƙofar Gida

Muyassar: Alo? Shuhrat? Salamu alaikum.

Shuhrat: Wa alaikumus salam, Opa, yayata! Ina wuni? Ya gida, ya Inna?

Muyassar: Lafiya lau. Ya Mosko, ya aiki?

Shuhrat: Alhamdu lillahi. Ya ƙafar Inna? Ya maƙwabta?

Muyassar: Da sauƙi. Kowa lafiya.

Shuhrat: Muryarki fa? Mura kike yi?

Muyassar: Tun safe nake cikin ruwa har gwiwa, ai dole.

Shuhrat: Cikin me? Layin na yankewa.

Muyassar: Ruwa! Ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa ya cika. Kwana uku ana sheƙa ruwa a Namangan, yanzu ya ɗan tsagaita.

Shuhrat: Innalillahi! Ai na ce ku shafa wa bangon kwalta...

Muyassar: Ba ta bango ya shigo ba, gwani. Ta taga ya shigo. Kwatar ƙofar gida ce ta toshe ta juyo mana.

Shuhrat: Ba a yi gayyar yashe kwata ba bana?

Muyassar: An yi mana, kamar kowace shekara. Maza suka yashe layin nan tun daga masallaci. Da suka iso ƙofarmu sai suka tarar da simintin da ka malala a kai don motarka ta ji daɗin shiga. Da farce za su yashe ƙarƙashinsa?

Shuhrat: Na sa bututu a ƙasa fa.

Muyassar: Bututun da bai kai damtsena kauri ba! Shekara tara kana toshe wa Rashawa yoyon ɗakunan ƙasa, naka na gida ka buɗe wa ruwa hanya. Mai unguwa ya kira ka a kan a fasa, me ka ce masa?

Shuhrat: Opa, in aka fasa, motar ta maƙale a tsakar gida ke nan. Me ya lalace? Dankali? Kwalaben tumatir? Zan sayi wasu.

Muyassar: Akwatin Inna.

Shuhrat: Wane akwati?

Muyassar: Wanda ka sauke ƙasa bara don sababbin kujerunka su samu wuri. Ka san abin da ke ciki?

Shuhrat: Alo? Ban ji...

Muyassar: Ka ji sarai. Likkafaninta ne. Wanda ta jiƙa da zamzam shekarar da suka je Hajji da Baba. Shekara goma sha huɗu tana ajiyarsa, yau na tsamo shi cikin ruwan kwata.

Shuhrat: Ta gani?

Muyassar: Ita ta warware shi da hannunta. Da ta yi kuka ma da na fi jin sauƙi. Kuma bangon ɗakinta ya sha ruwa har rabi, ga hadari ya sake haɗowa. In ba a buɗe kwatar nan yau ba, ɗakin ba zai kwana a tsaye ba.

Shuhrat: Ku jera buhunan yashi a bakin tagar. Ku maida Inna ɗakinki. In na zo hutu zan gyara shi yadda ya dace, wallahi...

Muyassar: Yi shiru ka saurara. Kana jin wannan ƙarar?

Shuhrat: Mene ne haka? Wa ke fasa min siminti?

Muyassar: Maƙwabta sun ce ba za su taɓa ba sai da izininka, kai ne namijin gidan. Ga su nan tsaye, kawunansu a sunkuye. Inna ce, da digar Baba.

Shuhrat: Inna? Da wannan ƙafar? Ki karɓe mata mana!

Muyassar: Ta hana. Ta ce ba ta so ka dawo ka ga laifin kowa.

Shuhrat: Ba ni ita. Don Allah, Opa, ba ni ita.

Muyassar: Hannunta ba sarari. Amma ka kwantar da hankalinka, ni yayarka ce, na san abin da kake son tambaya. Motarka lafiyarta ƙalau. A kanta muka shanya likkafanin.

Shuhrat: Opa, ki ce musu su fasa! Na ce su... Alo? Opa?